Hangar Katako ta Wani Kafinta a Katsina: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda

Bahaushe bai saba rataye tufafinsa na fita kunya ba. Babbar riga idan ta dawo daga wurin masu bugu ninke ta ake yi a sa a akwati ko adaka, a jefa kafur a gefe saboda asu, kuma ko ta yi wata shida a kwance, ranar da aka ɗauko ta za ta fito da ƙyallinta da karinta. Abin da muka gada na rataya shi ne ragaya, ita kuwa ta ƙwarya ce da kwano, sai igiyar da ake ɗaurawa daga kusurwa zuwa kusurwa ana yafa kayan yau da kullum, sai kuma ƙusar bayan ƙofa. Rigar kwat baƙuwa ce a cikin wannan tsari, domin ba ta son ninki, ba ta yarda da ƙusa ba, kuma duk wanda aikinsa ya tilasta masa sa ta, kamar mu lauyoyi da ma'aikatan banki, yakan kashe kuɗi masu yawa wajen sayenta, sannan ya rataye ta da duk abin da hannunsa ya kai gare shi. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, har sai da na yi asarar mafi tsadar kwat da na mallaka.

Wata safiya ina shirin fita kotu na lura da wani ɗan tudu a kan kowace kafaɗa, daidai inda hannun rigar ya haɗu da jikinta, kamar an tura yatsa daga ciki. Na sa aka goge, tudun ya kwanta na yini guda ya sake tasowa. Da na kai wa telan da ke yi mini gyara, wani dattijo da ya daɗe yana ɗinkin kwat, ya shafa kafaɗar sau biyu, ya dube ni ya ce, "Barista, ɗinkin nan ba shi da laifi. Mi kake rataye ta da shi?" Na ce da hangar wayar da mai wanki da guga yake dawo mini da ita a kai. Bai ce komai ba, sai ya juya wata tsohuwar kwat da ya farke a kan teburinsa ya nuna mini abin da ke cikin kafaɗa. Tsakanin yadin waje da shafi akwai soso da aka yanka ya bi siffar kafaɗar mutum, akwai kuma wani ƙyalle mai tauri da ke riƙe ƙirjin rigar da kwalarta, wanda a kwat masu tsada ɗinka shi ake yi, har akan saƙa shi da gashin doki, a masu sauƙin kuɗi kuwa gam ne ke manne shi da yadin. Duk waɗannan an gina su ne domin su zauna a kan abu mai faɗi mai gangara. Idan aka ɗora nauyin riga gaba ɗaya, wanda yakan wuce kilo guda idan an haɗa da wando, a kan waya da kaurinta bai kai milimita 3 ba, wayar za ta nutse cikin soson sannu a hankali, bakinta kuma ya tokari yadin har ya ba shi sabuwar siffa. Zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, yana ƙara taimaka wa ɓarnar, domin gam yana laushi, mutum kuma yana cire rigar da gumi a jikinta ya rataye ta tana da danshi.

Ita wannan hangar waya ba don kwat aka ƙirƙire ta ta zauna wata da watanni ba. Ana danganta ta ga wani ma'aikacin kamfanin sarrafa waya mai suna Albert Parkhouse a garin Jackson na jihar Mishigan a Amurka, wanda aka ce a shekarar 1903 ya rasa ƙugiyar da zai rataya rigarsa a wurin aiki, sai ya lanƙwasa waya ya yi wa kansa maganin matsalar. Tun da wuri aka gane aibinta, domin a 1932 wani mai suna Schuyler Hulett ya yi rajistar wata mai ɗauke da bututun kwali a jikin wayar don rage tabon da take bari a tufafi. Amfaninta shi ne ta kawo riga daga shagon wanki zuwa gida, daga nan aikinta ya ƙare.

Na zagaya babbar kasuwar Katsina da wasu kantuna ina neman abin da ya fi ta. Hangar roba tana ko'ina, dozin-dozin, kala-kala, kuma ba ta da laifi ga taguwa da kaftani, amma siririya ce, kuma waɗanda na gwada sun lanƙwashe ƙarƙashin nauyin kwat, wasu kuma hunturu ya busar da su suka karye daga wuya. Akwai ta katako mai sheƙi da ake shigowa da ita daga waje, da yawa daga ƙasar Sin, inda garin Lipu na yankin Guangxi ya yi suna da wannan sana'a, sai dai mafi yawan waɗanda ke zuwa nan shafaffu ne, kaurinsu bai fi rabin inci ba daga wuya har kafaɗa, wato waya ce da aka yi wa ado. Wadda ta dace da kwat da gaske, mai faffaɗar kafaɗa, guda ɗaya na taɓa saya a Abuja, kuma kuɗinta ya sa na tsaya a ɗayar. Ita na ɗauka na kai wa wani kafinta da ke ɓangaren Ƙofar Marusa, wanda ya taɓa yi mini kantar littattafai, na tambaye shi ko zai iya yi mini goma sha biyu irinta ba tare da ya yanke ni ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai amsa nan take ba. Ya jujjuya ta, ya ɗora ta a kan benci ya durƙusa yana kallonta daga gefe, ya sa tef ya auna: faɗinta daga baki zuwa baki inci 17 da rabi, kaurin kafaɗa wajen inci 2 da kwata. Sannan ya nuna mini abin da ni da na saye ta ban taɓa lura da shi ba, cewa hannuwanta biyu ba a miƙe suke a layi ɗaya ba, sun ɗan karkato gaba, kamar yadda kafaɗun mutum suke idan aka dube shi daga sama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka ce a sassaƙo wannan daga gungume guda, katakon da za a zubar ya fi wanda za a ɗauka, kuma kuɗin zai kai na wadda ka sayo. Ka ba ni kwana biyu in yi tunani."

Dabarar da ya dawo da ita ita ce dalilin da ya sa nake wannan rubutu, domin a nan ne arahar take, ba a rage inganci ba. Babban aikinsa kayan ɗakin amare ne, gado da durowa da madubi, kuma bayan kowane aiki guntayen falanki suna taruwa a bayan shago, waɗanda ba su isa komai ba sai a sayar wa masu tuyar ƙosai su hura wuta. Hannun hanga guda bai wuce inci 9 zuwa 10 ba, saboda haka waɗannan guntaye sun ishe shi. Ya zana siffar hannun a kan kwali ya yanke, ya riƙa ɗorawa a kan falanki mai kaurin inci guda yana fitarwa da zarto. Maimakon ya nemi katako mai kauri daga farko har ƙarshe, sai ya manna ƙananan guntaye biyu a gefe da gefen bakin kowane hannu kawai, inda kafaɗar riga za ta zauna, ya matse su har gam ya kama, sannan ya sassaƙe ya goge da samfefa har wurin ya zama kamar bayan cokali. Wuyan hanga ba ya bukatar kauri, kafaɗa ce ke bukata, kuma shi ya zuba katakon a inda ake bukatarsa kaɗai. Karkatar gaba kuwa ya samo ta ne ba tare da lanƙwasa komai ba: ya yanke bakin hannuwan biyu a ɗan karkace a inda za su haɗu a tsakiya, ya yi musu haɗin da rabin wannan ke hawa kan rabin wancan, ya sa gam da turakun katako biyu. Akwai wata hikima kuma a yin ta gida biyu. Katako yana da ƙarfi ne a tsawon jijiyarsa, kuma idan aka yanko hanga mai gangara daga falanki ɗaya, jijiyar za ta ratsa hannuwan a karkace, su zama masu saurin tsagewa. Da yake kowane hannu daban aka yanko shi, jijiyar ta bi tsawonsa daga wuya har baki.

Mun ɗan yi gardama a kan irin katakon. Ni na so madaci saboda jansa da kyaunsa, shi kuma ya ce yana da nauyi da tsada, kuma guntayensa ba su da yawa a wurinsa. Ya ba da shawarar malaina, wadda take fara, marar nauyi, mai sauƙin gogewa, da kuma bedi, wato itacen da wasu garuruwa ke kira darbejiya ko dogon yaro, wanda dangin madaci ne kuma ƙwari ba su cika damunsa ba. A ƙasashen Turai da Amurka akan yi irin wannan hanga da wani itace mai ƙamshi da ke korar asu, mu kuwa bedi yana ƙofar kowane gida. Daga ƙarshe ya yi takwas da malaina, huɗu da bedi, kuma bayan shekara guda zan iya cewa na bedi sun fi kyau a ido da jin ƙarfi a hannu, na malaina kuma sun fi sauƙin ɗauka, amma rigar ba ta san bambancinsu ba.

To, ba duka abin yabo ba ne, kuma wanda zai je ya kamata ya san inda zai sa ido. Na farko dai alƙawari. An ce mini mako guda, sai da na yi sawu huɗu a cikin mako uku da 'yan kwanaki, domin duk lokacin da aikin gadon amarya ya shigo, ƙaramin aiki irin nawa gefe ake tura shi. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, tunda a can abincinsa yake, amma da ya faɗa mini gaskiya tun farko da na huta da zirga-zirga.

Babban rauni shi ne ƙugiya, kuma a nan ne aikin ya nuna cewa kafinta ne ya yi shi, ba maƙeri ba. Samfurin farko da ya nuna mini, wani mai walda na kusa da shi ne ya lanƙwasa masa siririn rodi, aka kafa shi a wuyan hangar aka ƙulle da gam. Ba ya juyawa, bakinsa yana da kaifi har ya karce mini sandar durowa, kuma lanƙwasar ta yi ƙunci ta yadda sai an danna kafin ta hau sandar. Mafi muni, baƙin ƙarfe ne tsirara. A Katsina mutum yakan manta da tsatsa saboda yawancin shekara a bushe muke, amma daga Yuli zuwa Satumba, musamman a Agusta, danshin da ke cikin durowa ya isa ya sa irin wannan ƙarfe ya yi ja, kuma tsatsa a kan farar kwalar taguwa ko shafin kwat ba ta fita da wanki. Na ƙi karɓa. Muka koma kan waya mai kauri wadda aka yi wa rufin da ke hana tsatsa, aka huda wuyan hangar aka zura ta, aka sa ɗan faifan ƙarfe a ƙasa aka daddaƙe bakinta, ta yadda take juyawa ba ta zarewa, aka kuma goge ɗaya bakin ya zama mulmulalle. Wannan gyara ya yi, sai dai har yau ƙugiyoyin ba su zama tsawo ɗaya ba, saboda da hannu aka lanƙwasa kowace, don haka idan aka jera rigunan wata kafaɗa takan ɗan fi wata tsawo. Mai son komai ya jeru kamar sojoji a fareti zai ji haushin wannan.

Sandar rataya wando da ke ƙasan hangar ma sai da aka yi mata zagaye biyu. Ya sa mulmulallen katako mai kaurin da ya kusa inci guda, wanda ya yi daidai, domin siririyar sanda ita ke barin layi a gwiwar wando ta ɓata karin guga. Amma ya goge ta ta yi santsi har wando yana zamewa ya faɗi ƙasan durowa da zarar an taɓa maƙwabciyarta. Maganin da ya fara kawowa shi ne ya naɗe ta da robar tayar keke ta ciki. Wando ya daina zamewa, amma da zafi ya tsananta robar ta fara danƙo da wari, ta kuma bar baƙin tabo a kan wani wando mai ruwan toka. Telana ne ya raba gardamar, ya ba ni ragowar ƙyallen karammiski, aka yanka shi siri-siri aka manna a saman sandar kaɗai. Tun daga ranar wando bai sake faɗuwa ba. Duk wanda zai sa a yi masa, ya tafi da ƙyallensa, ko ya ce a karɓo ragowa wurin masu yin kujeru.

Sai shafe. Kafintocinmu suna son sheƙi, domin shi masu sayen kayan ɗaki ke nema, shi ya sa ya malala wa hangar man sheƙi mai kauri, ya shanya su a waje iska na kaɗa ƙura. Da na shafa sai na ji gurza-gurza kamar yashi, ga wari mai hawa kai. Shafin kwat yadi ne mai santsi da ke saurin jan zare, ƙaramin ƙaiƙayi ya isa ya ɓata shi. Na mayar aka sake bi da samfefa mai laushi, aka shafa man sau biyu siri-siri a cikin shago, ni kuma na bar su a baranda kwana goma kafin in ɗora musu riga. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce mutum ya ja tsohuwar safa ko ɗankwali mai santsi a kan kafaɗar, idan ya kama ko kaɗan, aikin bai ƙare ba.

Jarrabawa ta gaskiya hunturu ne ya yi ta. Katako yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma wanda aka yi aiki da shi bai gama bushewa ba, iskar Disamba da Janairu ba ta yi masa sassauci. A cikin goma sha biyun, guda ɗaya ta malaina ta buɗe a haɗin tsakiya a tsakiyar sanyi, wata kuma ɗan guntun da aka manna a kafaɗarta ya ɗaga kaɗan. Na mayar masa, bai yi musu ba, ya ce guntun da ya yi amfani da shi sabon yanka ne, ya canza ta farkon ya gyara ta biyun ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Sauran goma sun ratsa hunturu da bazara da damina ba su motsa ba, ba tsaga, ba fumfuna, ba tsatsa. Wannan ya nuna mini cewa tsofaffin guntayen da suka daɗe a bayan shago, waɗanda ake rainawa, su ne ma suka fi dacewa da wannan aiki, saboda sun riga sun sha iskar garin sun zauna.

Na biya naira 1,800 a kan kowace ɗaya a lokacin, wato naira 21,600 duka, ban da ɗan abin da na ƙara na wayar ƙugiya, kuma wadda na sayo a Abuja ta kusa ninka kuɗin guda ɗaya sau huɗu. Farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya a ƙasar nan, saboda haka kada wani ya riƙe wannan adadi ya je yana ciniki da shi. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma ta fuskar ado maganar ta tabbata a nan, domin idan aka ajiye hangar kafintan kusa da ta waje, ana ganin layin gam a kafaɗa, launin katakon bai zama ɗaya ba, babu kuma ƙyallin ƙarfe mai ɗaukar ido. Amma da zarar an ɗora riga duk wannan ya ɓuya, abin da ya rage shi ne yadda kafaɗa ta zauna, yadda kwala ta kwanta a ƙirji ba ta buɗe baki ba, da yadda gaban rigar ya sauko a miƙe. A wannan ma'auni ban ga abin da ta Abuja ta fi ta da shi ba. Na ma rage kai kwat wurin guga, domin idan na cire ta na rataye a waje ta sha iska na dare guda kafin in sa ta a durowa, yawancin tamojin da ta kwaso a zaman kotu da na mota yakan saki da kansa, musamman mai ulu.

Akwai fa'ida guda da kanti ba zai ba mutum ba, wato awo. Hangar kanti yawanci tsakanin inci 17 da 18 take, alhali mutane ba kafaɗa ɗaya gare su ba. Idan ta yi gajarta kafaɗar riga takan zubo, idan ta yi tsawo kuma bakinta ya shiga cikin hannun riga ya tokare shi, wanda shi ma ɓarna ce irin ta waya. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗa kwat a auna bayanta daga ɗinkin wannan kafaɗa zuwa na waccan, a yi hangar ta tsaya daidai ɗinkin ko ta gaza shi da ɗan kaɗan. Ni inci 17 ya yi mini, wani abokin aikina mai jiki kuwa da ya gani ya sa aka yi masa shida masu inci 19, wata abokiyar aikinmu kuma aka yi mata masu inci 15 da rabi, irin da da wuya a same su a kasuwa. Baƙar rigar saman da muke sawa a babbar kotu ma ta fi zama a kan wannan hanga, saboda nauyin tattarar da ke bayanta.

Ba kowa ne ke bukatarta ba. Wanda kayansa kaftani ne da jallabiya, hangar roba mai ɗan kauri ta ishe shi, babbar riga kuwa har gobe ninkinta ya fi, domin rataya tana ja mata wuya saboda nauyin aiki. Hangar katakon ba ta dace da tafiya ba, saboda nauyi da cin wuri a jaka. Tana kuma cin wuri a durowa, inda sandar da a da take ɗaukar riguna fiye da ashirin a cunkushe yanzu goma sha biyun nan sun kusa cika ta, kuma durowar da zurfinta bai kai santimita 60 ba ƙofarta za ta riƙa danne hannun riga, don haka a auna kafin a sa a yi. Wanda ya yanke shawarar zuwa wurin wannan kafinta, ko wani kafintan unguwarsu, tunda dabarar ba ta gagari kowane mai hannu ba, ya tafi da kwat ɗinsa ko awonta, ya nemi a yi masa guda ɗaya ya gwada mako guda kafin a yi sauran, ya dage a kan busasshen katako da ƙugiya mai juyawa marar tsatsa, kada kuma ya biya kuɗin duka sai ya shafa kowace da hannunsa.

Ita kuwa kwat ɗin da ta jawo duk wannan, wata takwas ta yi a kan sabuwar hanga ina sa ran tudun zai koma, ya ragu amma bai ɓace ba. Telana ya ce soson ya riga ya karye daga ciki, sai an farke kafaɗar an sa sabo, aikin da ya ce zai ɗauke shi kwana uku idan an samu wuta. Makon jiya na kai masa ita a rataye a kan ɗaya daga cikin na bedi, da na juya zan tafi ya ce in bar masa hangar tukuna, yana so ya nuna wa wani kafinta maƙwabcinsa.